Igiyar Kawu Mai Ƙulli Goma Sha Huɗu

Daga Allah muka fito, gare shi muke komawa, kuma ranar Alhamis kafin azahar Kawu ya riga mu tafiya. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya cika a bukkarsa ta Asaga, bakin kwalta, wurin da ya shafe shekaru yana cewa zaman kwana biyu yake yi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su bar ɗa ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, mun dawo, an shimfiɗa tabarmi a gindin aduwar ƙofar gidansa.

Mutane sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Manoman tattasai sun zo daga Shetimari, masu sana'ar kifin banda da suka gudo daga Boso sun zo, har da makiyaya biyu da ban taɓa gani ba. Kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, mu ce da godiya, a shafa fatiha. Daga nan sai shiru. Shirun nan ne ya ƙona mini rai. In attajiri ya mutu a tuna kyautarsa, in malami ne a tuna karatunsa. Shi kuwa Kawu kowa ya san abin da ya kamata a tuna, amma ba mai son ya zama na farkon da zai ambaci kare a kan tabarmar makoki.

Bulaman garinmu na da, wanda har yau muke kira Bulama ko da yake garin babu shi, ya yi gyaran murya.

"Mutum ne mai tausayin bisashe," in ji shi.

"Bisashe," wani ya maimaita, aka gyaɗa kai.

Wani dattijo daga Shetimari ya buga sandarsa a ƙasa. "Ku faɗi gaskiya mana, kunyar mi kuke ji? Karen da ya shekara shida yana tsaron garkata, wanga bawan Allah ne ya hidda mishi tsutsa da hannunshi. Ba don shi ba da awaki da ɓarayi sun gama da ni."

Mutum biyu suka yi istigfari ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya danne dariya da hannun riga. Liman ya ce kare mai tsaron gona ba laifi ba ne, Allah ya jiƙan mamaci, aka sake shafawa.

Sai wani siririn kuka ya taso daga bayan zana. Kwikwiya ce, ja mai farin ƙirji, a cikin tsohon akurki. Maƙwabcin Kawu ya yamutsa fuska ya ce, "Tunda mai ita ya tahi, a sa ta buhu a kai daji. Ba a makoki da kukan kare." Bulama ya ce a bari sai an yi sadakar bakwai, kar a ce an yi gaggawa. Ni ne ya kamata in tsaya mata, amma ban tsaya ba. Ita kaɗai ta rage daga irin karnukan da gidan kakanmu ya riƙe tun kafin a haife ni. Su huɗu aka haifa, kuma ukun ni na kashe su, mako biyar kafin wannan rana. Shi ya sa nake rubuta wannan. In na bar wa masu tabarma, za a manta da shi cikin ladabi.

Kawu gajere ne, baƙi, mai ɗan gemu, ba ya son dogon zance. Riguna biyu yake ratayewa a ƙusa daban-daban, ta salla da ta karnuka, kuma ba su taɓa haɗuwa a igiyar shanya ɗaya ba. Kare bai taɓa shiga ɗakinsa ba, bai taɓa lasar kwanonsa ba. In ya gama aikinsa sai ya goge hannu da ƙasa ya wanke sau bakwai, yana ƙirgawa da ƙarfi don masu leƙe su ji. Duk da haka in ya miƙa hannu a masallaci akwai masu ba shi yatsu biyu. Ni ma da na zama mushe, wato malamin boko, a wata lakol, makarantar gwamnati, cikin Difa, na fara sa wando da takalmi sau-ciki, in aka tambaye ni ko ni ne ɗan ƙanwar mai karnuka sai in ce dangi ne na nesa. Maganar ta kai kunnensa. Daga ranar ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Mushe.

Mutanen bakin kogin Komadugu suna son kare a garka, wato lambun ban ruwa, musamman lokacin da aka baza tattasai fili guda yana shan rana, amma ba sa son wahalarsa. A jefa wa kwikwiyo ɗanyen hanjin kifi, in cikinsa ya kumbura a ce ya ƙoshi. Wasu kuma su kwaɓa masa garin barkono a tuwo, wai ya kashe tsutsa ya kuma sa shi zafin rai. Mu da muke noman yaji mun ɗauka yaji maganin komai ne. Wannan kaɗai ke sa Kawu ɗaga murya. Na ga ranar da ya fizge ƙoƙo daga hannun wani babban manomi a gaban 'yan ƙodagonsa.

"Kai in cikinka na ciwo, barkono ake ɗura maka?"

"Kare ne fa, Malam."

"Hanji ne. Irin naka."

In aka kawo masa kwikwiyo ba cikin yake fara dubawa ba. Leɓe yake ɗagawa ya kalli dasashi, in ya yi fari ya san tsutsa ta sha jini. Ya shafa gashi, ya duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai 'yan fararen nan masu kama da ƙwayar shinkafa, wato tsila. Ya jira kashi ya tona da tsinke, ko fuska ba ya ɓatawa. Sannan ya sa kwikwiyon a wata jakar tsumma, ya rataya a sikelin kifi a reshen aduwar nan, don siro, maganin ruwan da yake karɓowa wurin likitan bisashe, da nauyi ake ba da shi. Ya ja daidai awo a sirinji marar allura ya zuba ta gefen baki. Washegari sai ka ga abin da ya fito, farare dogaye kamar taliya, wasu na motsi. Ya haƙa rami kamu guda ya binne.

Daga nan sai igiya. Ya ce maganin farko manya yake kashewa, ƙanana suna nan a ɓoye, sai sun kwana goma sha huɗu ake samun su. Bai yarda da ƙwaƙwalwarsa ba, bai yarda da takarda ba. Igiyar rama yake yi wa ƙulli goma sha huɗu ya rataya a ƙusa, kowace safiya in ya dawo daga salla ya kwance ɗaya. Ranar da ya kwance na ƙarshe ita ce ranar magani na biyu. Sai ya sake ƙullawa don na uku. Ba ya raɗa wa kwikwiyo suna sai ya sha na ukun nan.

Wajen abinci kuwa nan haƙurinsa yake. Ya ce cikin da tsutsa ta bari gyambo ne. Ranar farko kunun gero tsararo, ba sukari ba yaji. Amma ba ya raba kwikwiyo da abin da ya saba ci rana ɗaya. In hanjin kifi ya saba, sai a dafa shi luguf, a ba shi kashi uku na tsohon abinci da kashi ɗaya na sabo. Bayan kwana biyu, rabi da rabi. A haka har ya koma sabo zalla: kunu mai kauri, kifin banda da aka dafa aka tsince ƙaya, da cokali biyu na nono mai tsami, sau huɗu a rana, kaɗan-kaɗan. Masu gaggawa kan kai kwikwiyo gida su cika masa kwano da tuwo da miya, ya kama zawo, su dawo su ce maganin Kawu ne ya yi yawa.

"Ciki ba ya son baƙo ya faɗo mishi da rana tsaka," in ji shi. Sau ɗaya ya ƙara da cewa, "Mu nan ba rana ɗaya aka sauya muna abinci ba? Ka tuna yaran da muka binne watan farko."

Shekarar da aka tashe mu daga bakin kogi yake nufi. Amma kafin tashin akwai abin da mutanen garinmu ba sa son a tuna. Mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka aiko saƙo ta bakin wani masunci: karnukanku na damun mu da haushi, ku yi maganinsu ko mu zo mu yi maganinku tare da su. Bulama ya tara maza a ƙofar masallaci bayan azahar. Ba a yi doguwar gardama ba, kuma ba zan zargi kowa ba, kowa na da 'ya'ya. Aka kwaɓa maganin ƙwarin tattasai da hanjin kifi. Karnuka suka zo da gudu suna kaɗa wutsiya, don ba a taɓa kiran su ga abinci mai yawa haka ba. Ina gida hutu a lokacin, na gani da idona. Kafin magariba an ja su da igiya zuwa kwazazzabo.

Karnuka biyar ne da Kawu. Bai bar kowa ya ba su ba, shi ya ba su, ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowane. Sai dai kwikwiya guda 'yar wata biyu, ya sa ta a buhun tattasai ya ɓoye a rumbu. Inna, mahaifiyata, ita ta gano. Ta tsaya a gindin rumbun ta tare shi.

"Yaya, za ka sa a yanka mu saboda kare?"

"Ba ta iya haushi ba tukuna."

"Ran da ta iya fa?"

"Ran nan sai ki kai ni gun Bulama."

Ba ta kai shi ba. Amma bayan mako uku aka ce kowa ya bar bakin kogi ya hau kwalta, kuma lokacin da aka bayar bai isa mutum ya je wuri biyu ba. Injin ban ruwa na gidan, wanda Inna ta sayar da saniyarta aka saya, yana garka a bakin ruwa. Buhun yana rumbu. Kawu ya nufi rumbu. Da aka samu damar komawa dubawa, ba inji ba alamarsa. Inna ba ta yafe wannan ba. A Asaga zana ɗaya ce ta raba bukkarta da tasa, amma shekaru tana gaishe shi kamar baƙo, ba ta cin abin da hannunsa ya taɓa, in karyar ta gifta ta ƙofarta sai ta watsa mata ruwan wanke-wanke. Shi kuma ya raɗa wa karyar suna Barsu, kowa ya san da wa yake.

A Asaga ne ya ɗauki aikin da ya sa aka ƙara raina shi. Kullum da hantsi ya ɗauki shebur da bokiti ya zagaye bukkoki yana kwashe kashin karnuka, nasa da na kowa, ya kai nesa da famfo ya binne. A cikin yashin nan yara ke wasa, da hannun nan suke cin abinci. Mata na toshe hanci in ya wuce. Wata ta tambaye shi ko ba shi da aikin yi ne. Ya ce, "Dubi cikin ɗiyarki, ki kai ta likita." Ta zazzage shi tas, wai ya haɗa mata 'ya da kare. Bayan kwana uku ta kai ta. Matar nan ita ce ta fi kowa kuka a cikin gida ranar rasuwa, har aka fito da ita a riƙe.

Barsu ta haihu sau da yawa, 'ya'yanta suka watsu a garake. Kwalta ta ci wasu, ambaliya ta tafi da wasu, wasu suka ci gubar da ake zuba wa karnukan da ba su da masu su. Da daminar bana, ta tsufa haƙora sun zube, ta haifi huɗu, ta shayar da su mako uku ta mutu. A makon ne ƙafafun Kawu suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Na kai shi gidan likita a Difa aka kwantar da shi. Yana kan gado ya kama hannuna.

"Mushe, ɗiyan Barsu. Lokacin maganinsu ya yi, siro ya ƙare. Sikeli na nan a ƙusa. Ka auna kowane, ka tahi gun likitan bisashe ka gaya mishi nauyin, shi zai nuna maka awo. Ka ji?"

"Na ji, Kawu."

"Ka auna."

Na ji, amma ban yi ba. Likitan bisashen uban wani ɗalibina ne, mutum mai ladabi da ke miƙewa tsaye in ya gan ni. Na isa ƙofar ofishin, na hango shi, na ji bakina ba zai iya cewa maganin kare nake nema ba. Na wuce kasuwa wurin masu tebur. Na ce maganin tsutsar ciki nake so, na rago. Mai tebur ya ce ragon babba ne ko ƙarami? Girman kai ya riga ni amsawa, na ce babba. Ya ba ni ƙwaya guda kamar babban yatsa. A cikin motar Asaga na yi lissafi irin na mushe: 'yan kwikwiyo huɗu, ƙwaya ɗaya, kowa ya sami kashinsa. Sikelin yana rataye a ƙusa, na gan shi, ban taɓa shi ba don kar jakar ta goge mini riga. Na daka ƙwayar. Don in nuna ni ma mai alheri ne, na kwaɓa ta da madarar gwangwani da ragowar nama mai maiƙo, abin da cikinsu bai taɓa gani ba, na cika kwano ɗaya na ajiye. Manyan uku suka ture ƙaramar, mace, ta sami ɗan lasa kawai. Abin da ya cece ta ke nan.

Bayan kwana biyu na dawo. Ɗaya ya riga ya sandare. Biyu na kwance cikin amai da zawo mai jini, tsutsa na fita ta baki a dunƙule. Ko ƙarfin kuka ba su da shi. Na tsaya cikin takalmina sau-ciki ina kallo, ban san abin yi ba. Inna ta leƙo ta kan zana ta ce, "Kai ma ka shiga sana'ar?" Da idonta ya sauka ƙasa sai ta janye kai. Kafin la'asar biyun sun bi ɗan'uwansu.

Aka sallami Kawu bayan kwana biyar. Ban gaya masa a mota ba, tsoro ya hana ni. Ya shiga bayan zana yana dogara sanda, ya daɗe. Da ya fito yana riƙe da takardar ƙwayar mai hoton rago, wadda ya tsinta a yashi.

"Ka auna su?"

"Kawu, ai na..."

"Ka auna su?"

"Ban auna ba."

"Kunya ka ji." Ba tambaya yake yi ba. "Mu a garinmu tsoro ya sa muka ba su guba. Tsoro na da hujja. Kai mi ke gare ka?"

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihun rigar karnuka ya juya. Wannan ita ce doguwar magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu. Har yau takan faɗo mini ina tsaye gaban allo, in rasa inda na tsaya a darasi.

Mako uku ya yi yana jinyar kwikwiyar, shi da ke buƙatar jinya. Bai ba ta magani ba, ya ce hanjinta ya ƙone. Ruwan kunu da ɗan gishiri a sirinji, ɗigo-ɗigo. Sannan kunu tsararo. Sannan kifi ɗan mitsitsi a ciki. Nakan zo ran Lahadi in tsaya daga nesa, ya amsa gaisuwata, bai taɓa cewa matso ba. Da ta fara tsayuwa da ƙafafunta sai ya hau mota da kansa, da kumburarrun ƙafafu, ya shiga ofishin da na kasa shiga, ya karɓo siro. Ya auna ta, ya ba ta, ya ƙulla igiya. Ƙulli bakwai ya kwance. Ranar na bakwai da hantsi ya ce wa Inna ta kan zana zai ɗan kishingiɗa, ita ce ta leƙa ta same shi ya cika.

Ranar rasuwa da na shiga bukkar ɗauko tabarma na ga igiyar a ƙusa, saura ƙulli bakwai. Na kawar da kai na fito. Kwana bakwai ina zaune ina amsa ya haƙuri, ban leƙa bayan zana ba. Kukan da aka ji ranar farko ban sake jin shi ba, na ɗauka mutuwa take yi. Kuma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, bari in faɗi ta duka: na so ta mutu kafin bakwai, a huta da zancen buhu, ni ma in huta da ganin ta.

Ranar bakwai aka yi karatu, aka raba sadaka. Mutane sun fi na ranar farko, har likitan bisashen ya zo daga Difa, ya ce marigayi ya fi kowa zuwa ofishinsa. Ana shafa addu'a maƙwabcin ya matso da buhu a hamata.

"Mushe, ku ne magada. In ɗauka?"

Na ce ya jira, na tashi na shiga bukkar, ba don ina da abin yi a ciki ba. Idona ya sauka kan ƙusa. Ƙulli ɗaya ne ya rage. A ƙasa ga 'yar tukunyar karnuka a wanke a kife, ga ƙoƙo da kunu mai kauri da ɗan kifi a ciki, yana tururi. Na ji motsi a bayana.

"Inna, wa ya..."

"Aljani," in ji ta. "Kauce mini."

Ta miƙa hannu ta kwance ƙullin ƙarshe da haƙori, don ya yi tauri. Ta ce, "Shekara nawa ina jin shi ta kan zana, kashi uku, kashi ɗaya, rabi da rabi. Ko kurma ne ya haddace."

"Na ɗauka ba ki son ta."

"Ba na son ta. Saniyata ce da injina ke yawo da ƙafa huɗu." Ta dubi igiyar. "Ba ɗa, ba garka, ba gari. Ita ke nan abin da ya bari. In bari a sa ta buhu?" Ta share fuska da gefen zane ta ɗauko kwalbar siro da sirinji. "Awon ne ban iya ba, idona ba ya ganin layukan. Kai ne mai karatu. Ka kashe uku, wagga kar ka kashe."

Na sauke rigar karnuka daga ƙusa na sa a kan tawa. Na ji wani abu a aljihu, takardar nan ce mai hoton rago, a ninke. Na bar ta a inda take. Na ɗauki sikeli da jaka, na zaga bayan zana na ɗauko kwikwiyar. Ba ta da nauyi, haƙarƙarinta duk a waje, amma da na ɗaga leɓenta dasashin ya fara ja.

Sikeli sai an rataya, kuma a duk wurin reshe ɗaya ne mai ɗaukarsa, wanda igiyar Kawu ta riga ta yi wa zobe, a daidai kan masu makoki. Na fito. Na ratsa tsakanin tabarmi, mutane na janye ƙafa da riguna, na rataya sikelin, na sa jakar. Na jira allurar sikelin ta tsaya.

Likitan bisashe ya miƙe tsaye, kamar yadda ya saba in ya gan ni. "Kilo nawa, Mushe?"

"Biyu da rabi."

Ya matso ya sa farce a kan layin sirinjin da zan tsaya. Dattijon Shetimari ya ce daga zaune, "Ta gehen baki, kar ta shaƙe." Na zuba. Ta haɗiye, ta girgiza kai, ta lashi hanci. Maƙwabcin ya dubi Bulama ko zai yi magana. Bulama ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba, kuma duk wanda ya fito daga garinmu ya san ba wannan kwikwiyar yake gani ba. Maƙwabcin ya ninke buhunsa ya zauna a kai. Ni kuma na goge hannu da ƙasa na wanke sau bakwai, ina ƙirgawa da ƙarfi.

Washegari na tona kashinta da tsinke. Ƙanana ne, ba su da yawa, duk matattu. Na haƙa kamu guda na binne. Da zan tafi Inna ta fito da igiyar, ta sake yi mata ƙulli goma sha huɗu.

"Ungo. Kar ka ƙirga da ka, kan nan naka mun ga aikinshi. In ka kwance na ƙarshe ka ba ta na uku ka kawo ta, ni zan raɗa mata suna."

Allah ka jiƙan Kawu, ka sanyaya masa makwanci, ka auna shi da rahamarka yadda bai taɓa ba wa halitta magani ba tare da ya auna ta ba. Mu da ya bari ka yafe mana abin da muka yi da tsoro da wanda muka yi da kunya.

Kwikwiyar tana gidana a Difa. Har yanzu ramammiya ce, shekaranjiya ta yi zawo na koma mata kunu tsararo. Ban san ko za ta rayu ba, in ma ta rayu ban san garkar da za ta tsare ba. Na kafa ƙusa biyu a zaure, ɗaya ta rigar lakol, ɗaya ta rigar Kawu da igiyarsa. Yau da na dawo daga salla na kwance na tara.